TAKARDAR DA TOBIT YA BAR WA ƊANSA



 Ga shi watan Nuwamba ya kama, watan da Ikklisiya Mai Tsarki ta keɓe domin tunawa da 'yan'uwanmu waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Za mu rubuta sunayensu, mu kawo gaban bagade, mu roƙa musu jinƙai. Wannan ya dace ƙwarai. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, wadda duk mai zuwa gidajen makoki ya san ta, ko da yake ba a cika faɗinta a majami'a ba. Sau da yawa kafin ƙasar kabari ta bushe, hawayen da ake zubarwa a gidan mamaci sun riga sun canja dalili. Da fari ana kuka ne domin rashin mutum. Bayan mako biyu ana kuka ne domin mabuɗin shago, da takardar fili, da bashin da ba wanda ya san iyakarsa. A kan wannan muke so mu yi magana da ku yau, tun muna da rai da lafiya.

Bari mu fara da wani littafi da ke cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika, watau Littafin Tobit, sura ta 4 da ta 5. Tobit mutumin Allah ne da ke zaman bauta a Nineba, nesa da ƙasar kakanninsa. Ya makance, talauci ya kama shi, har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. A ranar da ya yi wannan roƙo sai ya tuna da azurfa talanti 10 da ya ba wani mutum mai suna Gabayel ajiya a birnin Rages na ƙasar Mediya. Ya ga bai kamata ya mutu da wannan sani a cikinsa ba. Sai ya kira ɗansa Tobiya, ya zaunar da shi. Ku lura da yadda ya jera maganarsa. Ya fara da yadda za a binne shi. Sa'an nan ya damƙa masa amanar mahaifiyarsa, ya girmama ta dukan kwanakinta, in ta rasu kuma ya binne ta kusa da mijinta. Ya gargaɗe shi kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunsa, ya kuma riƙa tunawa da matalauta. Sai a ƙarshe ya ambaci kuɗin, da yawansu, da sunan mai riƙe da su, da garin da yake.

Tobiya kuwa ya yi tambayar da kowane maraya yake yi. Ya ce shi da Gabayel ba su taɓa ganin juna ba, da wace shaida mutumin zai yarda da shi? Nan tsohon ya fito da takarda. Shekara 20 ke nan da suka rubuta ta shi da Gabayel, suka sa hannu, suka raba ta biyu, kowa ya riƙe rabi. Da wannan rabin takarda aka je Rages, Gabayel ya fito da jakunkunan kuɗin da hatiminsu bai taɓu ba. Mun san Mala'ika Rafayel ne ya raka yaron a hanya. Duk da haka, sa'ad da aka isa ƙofar mai ajiya, takardar aka miƙa masa. Allah ya aiko mala'ikansa, amma bai ɗauke wa uba nauyin rubuta abin da ya kamata ya rubuta ba.

Mun san abin da wasu za su ce a zuciyarsu, domin an sha faɗa mana: wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. To, Tobit bai mutu a lokacin ba. Idanunsa suka buɗe, ya ga auren ɗansa, ya ga jikokinsa, ya rayu shekaru masu yawa. Haka kuma Sarki Hezekiya, wanda Annabi Ishaya ya umarce shi ya shirya al'amuran gidansa domin ajali ya matso. Ya yi addu'a da kuka, Ubangiji ya ƙara masa shekara 15. Alƙalami ba ya jawo ajali, ƙin ɗaukarsa kuma ba ya tura shi gaba. Mutuwa rigar kowa ce, ranar sa ta kuwa a hannun Allah take.

Halin Tobit ya yi kama da na da yawa daga cikinmu. In muka duba kujerun majami'unmu ran Lahadi, za mu ga 'yan kasuwa da suka zo daga gabas da kudu suna da shaguna a kasuwar Talata ta Mafara, da malamai da ɗalibai na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti, da waɗanda iyayensu suka zo aikin madatsar ruwa ta Bakolori suka zauna, da kuma 'yan'uwanmu Hausawa Kirista 'yan ƙasa. Mutum yana da shago a nan, yana da gini a garinsu, yana da kuɗi a banki a Gusau, yana cikin adashi biyu, ya ba wani kaya bashi a Bakura, shi ma ana binsa a Kano ko Onica. Dukan wannan lissafi a kansa kaɗai yake. Matarsa da ta yi shekara 20 tana buɗe shago tare da shi ba ta san ko rabinsa ba. Ranar da ya faɗi, dangin da ba su taɓa taka Zamfara ba za su iso da mota, su ɗauki gawa, su ɗauki mabuɗi, wani lokaci har da katifar da gwauruwar ke kwana a kai. Masu binsa bashi za su zo da sauri, waɗanda yake bi kuwa za su yi shiru. Mun ga yaran da suka bar makaranta a zangon da ubansu ya rasu, alhali kuwa abin da ya bari ya isa ya kai su jami'a.

Zamanin da muke ciki ya ƙara wa maganar nauyi. Ba sai mun ba ku labarin 'yan bindiga ba. Kuna nan a watan Agusta na 2021 aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, kuna nan a farkon Satumba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙasar Maradun, har aka rufe layukan waya a jihar na tsawon makonni. Mutane nawa ne suka fita da safe zuwa gona ko kasuwa ba su dawo ba? Gidaje nawa ne suka jinginar da gona ko suka ci bashi domin kuɗin fansa, bisa alkawarin baki kawai? Wanda ya ba da kuɗin ya sani, wanda ya karɓa ya sani, in ɗayansu ya rasu sai magana ta zama ta mai ƙarfi.

Dattawanmu kuma ba su manta da Bakolori ba. An kammala madatsar a kan Kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka shiga rigimar diyya da ta sake rabon gonaki, har ta kai ga zubar da jinin manoma da yawa a watan Afrilu na 1980. A shekarar 1978 ɗin nan ce kuma aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Tun daga lokacin ya kamata kowa ya gane cewa faɗin "kowa ya san gonar ubana ce" ba ya isa a gaban hukuma. Wanda yake da takardar sayen fili, ko takardar izinin mallaka, ko ma rubutun da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, ya adana ta, ya kuma nuna wa iyalinsa inda take. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina, ya faɗa wa 'ya'yansa gaskiya, kada su tashi suna rantsuwa a kan abin da ba nasu ba.

A nan ya kamata mu yaba wa maƙwabtanmu Musulmi, mu kuma koya daga gare su. A wurin jana'izarsu akan yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Tsarinsu a bayyane yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, sa'an nan a raba saura ga magada bisa rabon da shari'arsu ta ƙayyade. Kotunan alƙalai suna bin wannan tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, tun kafin kuma ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999. Mu Kirista ba mu da ƙayyadadden rabo irin wannan. In Kirista ya rasu bai bar wasiyya ba, sai a shiga tambaya: wane irin aure ya yi, al'adar wace ƙabila ce za a bi, wace kotu ce za ta saurara? A cikin wannan ruɗani ne mai ƙarfi yake cinye marar ƙarfi. Domin haka wasiyya ta fi zama tilas a kanmu.

Akwai gidaje da yawa a cikinmu da uwa ɗaya uba ɗaya, wani yana zuwa masallaci, wani yana zuwa majami'a. Ya kamata su sani cewa a shari'ar Musulunci bambancin addini yana hana gado tsakanin mutum biyu. Wannan ba dalilin gaba ba ne, abin a sani ne tun da wuri. Uba Musulmi da yake so ɗansa Kirista ya sami wani abu yana iya ba shi kyauta tun yana da rai, ya damƙa masa a hannu a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya a cikin kashi ɗaya cikin ukun nan. Kirista kuma da yake da uwa ko 'yan'uwa Musulmi da ke ci daga hannunsa, ya rubuta sunayensu da abin da ya bar musu. A zauna a yi wannan magana da ladabi tun tsofaffi suna da hankalinsu.

Yanzu mu zo kan 'ya'ya mata da gwauraye, gama a nan ne zunubinmu ya fi yawa. A Littafin Ƙidaya, sura ta 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad sun tsaya a gaban Musa da dukan taron jama'a suna neman gādon ubansu wanda bai bar ɗa namiji ba. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. Dokar ƙasarmu ma ta faɗi haka. Wani mutum mai suna Lazarus Ukeje ya rasu a watan Disamba na 1981 bai bar wasiyya ba. Aka nemi a hana 'yarsa Gladys rabonta. Ta kai ƙara, shari'ar ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu, sai ran 11 ga Afrilu na 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa al'adar da ke hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin ƙasa, don haka ba ta da ƙarfi. A wannan shekara kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke daga Awka, kotun ta soke al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Hukunci ne mai kyau. Amma ku ƙidaya: fiye da shekara 32 tsakanin mutuwar uban da ranar hukunci. Takarda ɗaya mai shaidu biyu da ta hana wannan doguwar wahala. Kuma wace gwauruwa ce a Maradun take da kuɗin lauya har zuwa Abuja?

Cikin abubuwan da suka taimaki Gladys har da takardar haihuwarta, wadda ta nuna sunan ubanta. Wannan ya tuna mana da littattafan da Ikklisiya ke ajiyewa. Tun zamanin da Fadan-fadan Dominikan suka kama aiki a wannan ƙasa a shekarun 1950, ana rubuta kowace baftisma da kowane aure a littafi. Ku adana katin baftismar 'ya'yanku da takardun haihuwarsu. Ma'aurata kuma su duba takardar aurensu da kyau. Auren majami'a yana zama auren doka ne in an bi ƙa'idar Dokar Aure, watau an karɓo takardar magatakardan aure aka kuma ɗaura shi a majami'ar da ke da lasisi. Albarkar da Fada ya sa wa auren gargajiya sakramenti ne cikakke a gaban Allah, amma kotu takarda take tambaya. Wanda bai tabbata da irin nasa ba, ya kawo takardarsa ofishin Fada a duba.

To, yaya ake yin wasiyyar da kotu za ta karɓa? Ƙa'idar da kotunanmu ke bi ta samo asali ne daga dokar Ingila ta 1837, kuma ba ta da wuya. A rubuta ta. Mai wasiyya ya kasance cikin hankalinsa, ba wanda ya tilasta shi. Ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙarshenta a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Kada shaida ya zama wanda aka bar wa wani abu a ciki, ko mijinta ko matarsa, domin rabonsa zai faɗi. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna kiran babban ɗa ya zama shaida. A ambaci mutum ɗaya ko biyu amintattu da za su zartar da ita, da wanda zai riƙe ƙananan yara. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta cewa an yi haka. Wanda ya rubuta tasa kafin ya yi auren doka, ya sake wata. Ana iya kai ta ajiya a rajistar Babbar Kotun Jiha a Gusau, inda za a buɗe ta bayan mutuwa a ba masu zartarwa takardar tabbatarwa. Muna ba da shawara a nemi lauya, kuɗinsa bai kai na buhunan shinkafar makoki ba.

Ma'aikata su kula da wani abu. Sunan makusanci da kuka rubuta a fom ɗin banki ko na ofis ba wasiyya ba ne. Wanda aka rubuta shi ne za a fara nema in wani abu ya faru, amma sunan bai mai da shi mai dukiyar ba. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar kotu kafin su saki kuɗi, in babu wasiyya kuwa sai iyali su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, da zirga-zirga da kashe kuɗi na watanni. Da yawa kuma sun rubuta sunan wa ko ƙane tun suna samari, suka yi aure suka haifi 'ya'ya biyar, ba su koma sun gyara ba. Ga kuma kuɗin da ke cikin waya, wanda in mai shi ya tafi da lambar sirri a kansa, iyali ba su ma san akwai shi ba. Ku sami littafi ɗaya, ku rubuta bankunanku, da adashinku, da wanda kuke bi, da wanda yake binku, da ajiyar mutane da ke hannunku. Ku yi kwafi biyu kamar Tobit da Gabayel, ɗaya a gida, ɗaya a hannun amintacce a wani gari, gama mun ga gidajen da aka ƙone da dukan takardunsu.

Kada matalauci ya ce wannan wa'azin masu kuɗi ne. Akuya biyu da keken ɗinki da ɗaki ɗaya sun isa su raba 'yan'uwa har abada. Ubangijinmu Yesu Kristi bai bar gida ko gona ba, tufafinsa ma sojoji ne suka raba. Duk da haka a kan gicciye, cikin tsananin azaba, bai miƙa ruhunsa ba sai da ya damƙa mahaifiyarsa Budurwa Maryamu a hannun almajirin da yake ƙauna, a gaban waɗanda ke tsaye a wurin, kamar yadda Bisharar Yohanna ta nuna a sura ta 19. Daga wannan sa'a ta sami gidan zama.

Wataƙila wani yana zaton muna wannan magana ne domin a bar wa Ikklisiya dukiya. Bari mu amsa da halin Waliyyi Agustin, Bishof na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ya faɗa wa jama'arsa a fili cewa duk mai son ya hana ɗansa gādo domin ya ba Ikklisiya, sai ya nemi wani bishof ya karɓa, shi kam ba zai karɓa ba. Nan muke tsaye. Mata da 'ya'ya da masu bin bashi su ne a gaba. Wanda ya cika haƙƙinsu, yana kuma so ya bar wani abu domin Misa ko marayu ko ginin majami'a, dokar Ikklisiya ta 1983 ta ce a bi ƙa'idar dokar ƙasa wajen rubuta shi, kuma Bishof ne ke da alhakin ganin an cika nufin mai bayarwa. Wannan doka har wa yau ta hana a tauye wa matalauci jana'iza mai mutunci saboda rashin kuɗi.

Maganar jana'iza kuwa, ku rubuta ta ita ma. Mahaifiyar Agustin, Waliyyiya Monika, ta kwanta ciwon ajali a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387, nesa da kabarin da ta tanada kusa da na mijinta. Ta sauƙaƙa wa 'ya'yanta, ta ce su binne ta duk inda ya samu, abin da take roƙo kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ba mu hana kowa a kai shi garinsu ba, al'ada ce mai daraja. Amma in ɗaukar gawa daga Mafara zuwa gabas, da shanu da rumfuna da makaɗa, zai cinye jarin shago da kuɗin makarantar yara, to uba ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta, cewa ya yafe. Gwauruwa ba ta da bakin faɗin haka a gaban dangin miji. Takardar mijinta ce za ta faɗa a madadinta.

Ku kuma dangin mamaci, ku ji wannan da kyau. Wanda ya kwashe kayan marayu, ko ya ɓoye takardar fili, ko ya yi shiru a kan bashin da mamaci ke binsa, ya karya doka ta bakwai. Furta zunubi a gaban Fada bai isa ba in babu niyyar mayar da abin da aka ɗauka. Bai kamata mutum ya kawo sunan ɗan'uwansa a yi masa Misa a watan Nuwamba ba, alhali mabuɗin shagonsa yana aljihunsa, 'ya'yansa kuwa suna talla a tasha.

Muna roƙon katikis-katikis da shugabannin Zumuntar Mata Katolika da na ƙungiyar maza a kowace majami'a su karanta wannan a taronsu na wannan wata, su kuma binciko gwaurayen da ke cikinsu waɗanda har yanzu kuɗin mazajensu ke maƙale a banki ko a ofis, su kawo mana sunayensu a asirce domin a nema musu taimakon lauya ta hannun Dayosis ɗinmu na Sakkwato. Iyayen gida kuma, kafin Lahadin farko ta Zuwan Kristi, kowa ya sami yamma ɗaya, ya kira matarsa da manyan 'ya'yansa, a buɗe littafin nan a fara rubutawa.

Ubangiji ya ji ƙan matattunmu na Mafara da Bakura da Maradun, da waɗanda aka kashe a hanya da a gona ba a sami gawarsu ba. Amin.